Ba Lebura Ne Ya Kashe Kasuwar Kayan Kariya Ba

Duk wanda ya taɓa tambayar ɗan kwangila dalilin da ya sa leburorinsa ke yawo da silifas a tsakanin rodi da ƙusoshi ya san amsar da ake bayarwa: mutanenmu ba sa so. Haka mai masana'anta zai ce. Haka ɗan kasuwar da ke shigo da kayan aiki daga Sin zai ce, idan ka tambaye shi me ya sa shagonsa ke cike da shebur da guduma da injin yankan ƙarfe amma babu hular kwano ta kirki ko guda. Wai ko an saya wa lebura ba zai sa ba. Wai a ba shi takalmi yau, jibi ya kai kasuwa. Wai Bahaushe da ka yi masa maganar haɗari sai ya ce ajali ba ya wuce ranarsa. Daga nan sai a yanke hukunci cewa kayan kariya a wurin aiki ba su da kasuwa a Najeriya in ban da kamfanonin mai da manyan kamfanonin gine-gine, don haka duk wanda ya zuba jarinsa a ciki ya shirya wa kwantai.

Masu wannan magana ba maƙaryata ba ne, kuma yawancinsu ba mugaye ba ne. Abin da suka gani suke faɗa. Sun ga huluna a rataye jikin katako, masu su na aiki kai ba komai, sun ga safar hannu a cuse a aljihun wando. Wasunsu sun yi asarar kuɗi da gaske. Inda nake da ja da su shi ne fassarar da suka yi wa abin da suka gani, domin sun ɗora laifin lalacewar kasuwa a kan mutumin da ya fi kowa rashin ta cewa a cikinta.

A fara da duba abin da ma'aikacin ke sanye da shi, kafin a zo ga abin da ya cire. Ranar zubin dakin, dubi ƙafafun masu kwaɓa kankare: buhun siminti ne aka yayyanka aka naɗe har gwiwa, aka ɗaure da tsumma ko roba, wani har da leda a ciki. Sun san ɗanyen siminti yana cin fata, domin ya ci tasu. Mai injin niƙa yana cusa auduga a kunne. Mai fasa dutse da mai fentin mota suna ɗaure hanci da ƙyalle. Ɗan feshi a gonakin Kura da Kadawa yana rufe fuska da rawani, ya sa tsohuwar riga mai dogon hannu. Masu rini a karofin Ƙofar Mata suna tsoma hannu da doguwar safar roba, ba kuma wani sufeto ne ya tsaya a kansu ba. Tsofaffin takalma masu ƙarfe a baki da ake zubawa a gwanjo suna da masu saye. Wanda ba ya son kariya ba zai ɓata lokacinsa yana harhaɗa ta daga shara ba.

Mai walda ya fi kowa fito da abin fili. Da wuya ka gan shi a bakin titi ido tsirara. Kusan kullum akwai baƙin tabarau a fuskarsa, irin na gayu da ake talla a tasha. Ya ciri kuɗinsa ya saya domin ya san azabar daren da walda ta shiga ido: hawaye, raɗaɗi, mutum ya kwana yana jin yashi a ƙarƙashin fatar idonsa. Sai dai ba don wannan wuta aka yi tabarau ɗin ba. Gilashin waldar lantarki yana da lamba, yawanci daga 10 zuwa 13 gwargwadon ƙarfin wutar, kuma duhunsa ya kai ba ka ganin komai ta cikinsa sai tartsatsi ya tashi. Na gayu bai kama ƙafar wannan ba. Iyakarsa ya rage ƙyallin da ke sa mutum runtse ido, sai mai aiki ya daɗe yana kallon abin da ke ƙona masa idon. To me ya hana shi riƙe garkuwar fuska mai gilashi na gaskiya, alhali ba ta da tsada can? Hannu ne. Garkuwar tana cinye hannu ɗaya, shi kuwa yana bukatar ɗaya ya riƙe ƙarfe ɗaya ya riƙe sandar walda, tunda shagon ba shi da teburi da matsin da za su riƙe masa. Hular da ake sawa a ka, mai gilashin da ke yin duhu da kansa da zarar wuta ta tashi, ta daɗe da warware wannan matsala, amma ta asali ta fi ƙarfin yaron shago, mai arahar kuma ba shi da yadda zai san ko tana aiki. Wannan mutum mai saye ne, ya zo da kuɗinsa, kasuwa ta miƙa masa abin da bai dace da aikinsa ba.

Batun ajali kuwa, an fi yin sa bayan abu ya faru, don rarrashin zuciya. Kakanninmu ba su gaza mu imani da ƙaddara ba, amma barade ba sa shiga fagen fama sai da sulke da kwalkwali, dawakinsu da lifidi, maƙeri kuma yana da walkinsa. Malamai sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya sulke biyu ranar Uhudu, kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya ji cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi. Idan lebura ya ce Allah ya kiyaye ya hau bene babu ɗamara, sau da yawa abin da ya rage masa ke nan. Ɗamarar babu ita, in ya ƙi hawa kuma ga wasu a bakin ƙofa suna jiran aikin.

Sannan ga tambayar da masu wancan ra'ayi ba su cika amsawa ba. Su wa ke aiki a matatar Dangote ta Lekki, da masana'antar siminti ta Obajana, da tashar gas ta Bonny, da titunan da Julius Berger ke yi? 'Ya'yan ƙasar nan ne, cikinsu har da 'yan ci-rani daga ƙauyukan da ake cewa mutanensu ba sa jin magana. A irin waɗannan wurare kowa da hularsa da takalminsa, daga injiniya har mai shara. Ba a bakin get aka canza musu hali ba. Kamfani ne ya saya, abin da ya saya na gaske ne, in ya lalace ana canzawa, shugaban aiki ma yana sanye da shi, wanda ya zo babu kuma ba ya shiga.

Ke nan maganar ta dawo kan wanda ke biya. A takarda an gama wannan tuntuni. Dokar Masana'antu ta 1987 ta ɗora wa mai masana'anta samar da tufafi da kayan kariya ga masu aiki cikin jiƙa ko abu mai cutarwa, da kariyar ido ga masu aikin da ke barazana ga ido. Yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Najeriya ta amince da ita a 1994, ta haramta a ɗora wa ma'aikaci kuɗin matakan kare lafiyarsa a wurin aiki. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa masu ɗaukar aiki su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF. Sai dai duk an rubuta su ne da tunanin ma'aikaci mai takardar ɗaukar aiki da albashin wata, alhali alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2023 da 2024 sun nuna sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba sa cikin wannan tsari. Leburanmu na yini ne ko na jinga. Babban ɗan kwangila ya ba ƙarami, ƙarami ya ba birkila, birkila ya je bakin hanya da sassafe ya kwaso mutane. Kowa yana ture kuɗin kariya kan na ƙasa da shi, har ya sauka a kan wanda ba shi da na ƙasa. Tarar da ke cikin dokar 1987 kuwa da nairar wancan zamani aka yanka ta, ba ta ba kowa tsoro a yau, sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago kuma ba su da yawan da za su leƙa kowane shago.

Galibin kayan nan daga waje ake shigo da su, da dala. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, leburan yini kuwa ba ya ma cikin lissafin. Yanzu a sake duba labarin wanda ya sayar da takalmi. An ɗauke shi aikin sati biyu, an ba shi abin da kuɗinsa ya kai ladan kwanaki da yawa, ba shi da tabbacin wani aiki bayan wannan, ga cefane na jira a gida. Ban ce ya kyauta ba. Amma a lura, ya sami mai saye nan take, kuma mai sayen wani ma'aikacin ne da ya ciri kuɗi daga aljihunsa don ya kare ƙafarsa. Labarin da ake kafa hujja da shi cewa babu kasuwa, shi kansa labarin ciniki ne.

Babbar cutar kasuwar, a nawa ganin, ita ce jabu, kuma tana ɓarnarta ta inda ɗan kasuwa mai gaskiya ba ya dubawa. Hular kwano ta gaske gwada ta ake yi. Bisa ƙa'idar Turai ta EN 397, ana sako mata ƙarfe mai nauyin kilo 5 daga tsayin mita 1, a auna ƙarfin da ya ratsa zuwa kai. Ba robar waje kaɗai ke aikin ba, ragar da ke ciki ce ke riƙe tazara tsakanin robar da ƙoƙon kai ta shanye bugun. Takalmin aiki kuwa sai bakinsa ya jure bugun da ya yi daidai da faɗowar kilo 20 daga kusan mita 1. To a ajiye hula biyu a kan tebur, launi ɗaya, kowace da tambarin CE a jiki, tunda buga tambari ba ya gagarar kowa. Ɗaya ta ci wancan gwaji, ɗaya ba ta taɓa ganin ɗakin gwaji ba, kuma ta fi araha nesa ba kusa ba. Mai saye ba shi da hanyar bambancewa sai ranar da bulo ya faɗo, ranar kuwa ba a komawa shago da ƙorafi. Shinkafa mai tsakuwa a daren farko ake gane ta a ƙaurace wa mai ita, hular jabu kuwa tana iya shekara a kan mutum asirinta bai tonu ba.

Masanin tattalin arziki George Akerlof ya bayyana irin wannan kasuwa a 1970 da misalin tsofaffin motoci, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2001. Idan mai saye ba ya iya gane mai kyau daga mara kyau, ba zai yarda ya biya kuɗin mai kyau ba, sai masu kayan kirki su gaji su janye, fili ya rage wa masu jabu. Abin da ke samun Alhajin da ya shigo da kwantenar huluna na asali ta yi masa kwantai ke nan. Ya ɗauka mutane ba sa son hula, alhali maƙwabcinsa na can yana ta sayar da masu kama da tasa. Ba kuma ƙauyanci ke jawo haka ba. A 2020 cibiyar ECRI ta Amurka ta gwada takunkuman KN95 da aka shigar ƙasar, ta tarar kashi 60 zuwa 70 cikin 100 ba sa tace abin da aka rubuta a jikinsu, kuma manyan asibitoci masu ƙwararrun jami'an saye ne suka sayo su. Idan su an yi musu haka, ina ga bakaniken Panteka?

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Takalmin da tafinsa ya ɓare tun wata bai cika ba, safar hannun da ruwan batir ya ratsa, takunkumin asibiti da aka raba wa masu fasa dutse alhali ƙura na shiga ta gefensa, duk wanda ya gwada waɗannan zai ce abin duk burga ce, kuma bisa abin da ya gani bai yi ƙarya ba. Wasu kamfanoni ma da gangan suke sayen mafi araha don a ga an yi, ranar da baƙi za su zo. Hukumar SON tana da tsarin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su tun 2005, da MANCAP na kayan gida. Amma takarda a tashar Apapa take tsayawa, ba ta bin hular zuwa Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, inda lebura ke tsaye da kuɗinsa a hannu.

Na san za a tuna mini da 2009. Ranar 1 ga Janairun shekarar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta wa 'yan acaɓa da fasinjojinsu sa hular kwano, sai ga wasu a Kano da wasu garuruwa sun kifa ƙwarya da tukunya a ka, har kafofin labaran duniya suka ɗauka. Akwai shaƙiyanci a ciki, babu musu, akwai kuma fasinjojin da suka ƙi hular da kowa ke sawa don tsoron cutar fata ko asiri. Amma doka ce ta faɗo kan kasuwar da ba a shirya ba. Farashin hula ya yi tashin gwauron zabi, aka kuma ce ɗan acaɓa, wanda sau da yawa babur ɗin ma ba nasa ba ne sai ya kai balas kullum, ya sayi biyu. A gwada da Biyetnam, wadda ta fara irin wannan doka ranar 15 ga Disamban 2007. Tun 2002 aka buɗe masana'anta kusa da Hanoi mai yin hula mara nauyi, mai shan iska, wadda aka tsara don ƙasa mai zafi. An daɗe ana shela, tarar kuma ta yi tsanani. Ranar da dokar ta fara aiki kusan kowa a titi da hularsa. Su ma daga baya sun yi ta fama da hulunan jabu, abin da ke ƙara nuna inda gizo ke saƙa.

Zafi ma abin dubawa ne, domin yawancin abin da ake kawo mana ba don mu aka ɗinka ba. A watan Afrilu ma'aunin zafi a Kano da Sakkwato da Maiduguri yana kaiwa 40 ko ya wuce. Ka ba mutum rigar aiki mai kauri wadda ba ta shan gumi, ka ce ya ɗauki kwanon kankare ya hau bene da ita da tsakar rana, in ya tuɓe ka ce jahili ne? Zafin da ke kayar da mutum shi ma haɗarin aiki ne, jikinsa kuma ya fi ka sanin wanda ya fi kusa. Akwai ƙananan abubuwa da duk wanda ya zauna da ma'aikatanmu zai lura da su. Mutumin da zai yi alwala sau biyu a lokacin aiki ya fi jin daɗin takalmin da ake zurawa a kan dogo mai igiya, in kuwa mai igiyar aka ba shi, bayan azahar sai ka gan shi ya koma silifas. Takunkumin da ke tace ƙura sai ya manne da fata yake aiki, gemu kuwa yana hana shi mannewa. A wurin da ake girmama gemu, wannan lamari ne da za a nema wa mafita, ko ta wani nau'in takunkumin ko ta rage ƙurar tun daga tushe, ba a raba a juya baya ba. Matan da ke aikin gyaran riɗi da zoɓo da citta, da masu sharar titi, in an tashi ba su safar hannu da takalmi sai a ba su na girman maza, mai suɓucewa daga hannu ko mai sa tuntuɓe. Ɗan kasuwa mai ido da wannan bayani zai ci riba.

Ba zan wanke ma'aikaci tas ba. Akwai burga, musamman ga samari, wanda ke ganin sa hula alamar sabon shiga ce, da maigidan shagon da ke alfahari ya tsufa yana walda idonsa garau, yaransa na ji. Akwai kuma rashin sani na gaske, amma a wuri takamaimai. Mutanenmu suna kare kansu daga abin da ke ciwo yau, siminti da tartsatsi da ƙusa. Wanda ba sa gani shi ne mai kisa a hankali. Ƙiyasin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2023 ya ce kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar aiki, amma haɗarin nan take kusan 330,000 ne daga ciki, sauran miliyan 2.6 cututtuka ne. Ƙurar dutse tana taruwa a huhu shekara da shekaru, ciwon da take haifarwa ba ya warkewa, tana kuma sa tarin fuka saurin kama mutum. Ƙarar inji da ta kai desibel 85, awa takwas kullum, tana cinye ji kaɗan-kaɗan. Lokacin da tari zai kama mai fasa dutse ya riga ya koma ƙauye, ba wanda zai haɗa ciwon da dutsen. A nan wayar da kai tana da aiki, kuma rediyo da limamai da shugabannin ƙungiyoyin sana'a sun fi duk wani allon gargaɗi da aka rubuta da Turanci.

Abin da ya faru a Zamfara ya isa misali. A 2010 aka gano gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega, saboda ana niƙa dutsen zinare a bushe, a cikin gari har cikin gidaje, da injin niƙan hatsi, iyaye maza kuma suna komawa ɗaki da ƙurar a tufafinsu. A 2015 aka sake a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Mutanen ba su san akwai dalma a dutsen ba, balle a yi zancen so ko ƙi. Da likitocin MSF da abokan aikinsu suka zauna da masu haƙar a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi, suka nuna musu niƙa da feshin ruwa, da wanka da canza kaya kafin komawa gida, mutanen sun karɓa, awon da aka yi kuma ya nuna ƙurar dalma da ta dutse sun ragu ƙwarai. Ruwa ne ya yi babban aikin, ba takunkumi ba. Dama su masana harkar, hula da takunkumi suke sawa a ƙarshen jerin matakai, bayan kawar da haɗarin ko killace shi. Mai masana'antar da ya ƙi sa injin zuƙe ƙura, ya raba takunkumi mai araha, sannan ya zargi ma'aikata da cirewa, ya tsallake nasa aikin ne ya tsaya a kan nasu.

Ko za a iya yin kayan a gida? Shekarar 2020 ta ba da rabin amsa. Da annobar korona ta toshe hanyoyi aka ga yadda duniya ta dogara ga Sin a takunkumi da Malesiya a safar hannu ta roba, telolin Aba da Kano suka hau ɗinkin takunkumin yadi cikin 'yan makonni. Indiya, wadda kafin nan kusan ba ta yin rigunan kariya na ma'aikatan lafiya, ta zama ta biyu bayan Sin cikin 'yan watanni, domin gwamnati ta yi odar da ta tabbatar wa masana'antu da mai saye, aka kuma ware ɗakunan gwajin da ke tantance kayan. Mu muna da fata. Majemun Challawa da Sharada suna fitar da ita zuwa Italiya da Sifen, masu takalman Ariaria a Aba da na Ƙofar Wambai kuma hannunsu ya faɗa. Safar hannu da walkin mai walda fata ce da ɗinki, rigar aiki ta auduga mai shan iska ba ta fi ƙarfin telolin Fagge ba. Abin da ƙaramin mai takalmi ya rasa shi ne wuri kusa, mai sauƙin kuɗi, da zai kai samfurinsa a sako masa kilo 20 ɗin nan a ba shi shaidar da mai saye zai yarda da ita, sai kuma mai sayen da zai yi oda mai yawa a kai a kai.

Mai sayen yana nan. Gwamnatocin tarayya da na jihohi su ne manyan masu ba da kwangilar gini a ƙasar nan, su ke ɗaukar masu shara da ma'aikatan asibiti da 'yan kwana-kwana. Da za a ware kuɗin kayan kariya a layinsa daban cikin takardar kowace kwangila, yadda ba za a zaftare shi don cin takara ba, a kuma hana biyan kashi na gaba sai injiniyan da ke duba aiki ya ga kayan a jikin mutane, ina kyautata zaton Alhajin da kwantenarsa ta yi kwantai ba zai daɗe bai sake oda ba. A ƙasa kuma akwai ƙungiyoyin masu walda da makanikai da masu fasa dutse, waɗanda dama suna tara kuɗin mako-mako su yi wa ɗan ƙungiya gudummawar biki da rasuwa. Ƙungiya mai mutum ɗari biyar tana iya sayen gilashin walda mai lamba 11 kwali-kwali daga dila ɗaya da ta sani, ta raba a farashin sari. In ya fito jabu ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa, dilan ma ya san masu saye ɗari biyar zai rasa rana ɗaya.